Mota 25 Kacal a Duniya: Me Mai Saye Ya Ke Saye?

Jama'a masu karatu, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku in yi magana a kan wata mota wadda da wuya ɗayanmu ya taɓa ganin ta a kan hanya. Sunanta Brabus 750 Bodo Buschmann Edition. An fito da ita a ƙasar Jamus cikin shekarar 2023, kuma kamfanin da ya yi ta ya ce guda 25 kaɗai zai yi, ba ƙari. Na san wani zai ce, to ina ruwan ɗan makarantar kwana, wanda guzurinsa bai wuce garin kwaki da ƙuli-ƙuli ba, da motar attajiran Turai? Da ruwanmu kuwa. Hotunan irin waɗannan motoci ne mu ke liƙawa a murfin akwatunanmu da bangon littattafanmu, kuma a kansu mu ke raba dare muna gardama bayan an kashe fitila. Abin da yaro ke sha'awa yana da shekara 16, sau da yawa shi ya kan bi in ya girma. Saboda haka ya kamata mu zauna mu rarrabe aya da tsakuwa, mu san abin da mu ke yaba wa.

Ra'ayina dai shi ne, kuɗin da a ke biya a kan wannan mota kashi biyu ne. Kashi na farko ladan gwanintar hannu ne, wannan kuwa ya cancanci a cire masa hula. Kashi na biyu kuɗin ƙarancin da aka ƙaga da gangan ne, watau dabarar ciniki. Abin da ke damuna shi ne, yawancinmu kashi na biyun ne ya tafi da hankalinmu, na farkon kuwa mun raina shi.

Bari in fara da bayanin ita kanta motar, domin kada a ce ina sukar abin da ban sani ba. Asalinta Mercedes-Benz ce, wadda mu ke kira Marsandi, daga cikin jinsin da a ke kira SL. Jinsi ne mai tsohon tarihi. A shekarar 1954 aka nuna ta farko, 300 SL, a birnin Niyok na Amurka, mai ƙofofi masu buɗewa sama kamar fukafukan tsuntsu. A 1957 aka fito da mai buɗaɗɗen kai, wadda a ke naɗe rufinta a sha iska. Tun daga nan SL ta zama motar shaƙatawa ta masu hannu da shuni. Ba ta ɗaukar kaya, ba ta ɗaukar iyali. Sabon samfurin da aka fito da shi a 2021 yana da rufin yadi mai naɗewa cikin daƙiƙa 15, da kujeru biyu na gaba, da wasu ƙanana biyu a baya waɗanda babban mutum ba zai ji daɗin zama a kansu ba.

Kafin motar da mu ke magana a kanta ta kai ga mai saye, ta kan bi ta hannu uku. Hannu na farko shi ne na masana'antar Mercedes da ke birnin Bremen, inda a ke haɗa jikinta. Hannu na biyu na AMG ne. Wannan kamfani wasu injiniyoyi biyu ne suka kafa shi a 1967, Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher, don su riƙa ƙara wa injinan Marsandi ƙarfi. Sun yi suna a 1971, sa'ad da wata ƙatuwar Marsandi ja da suka gyara ta zo ta biyu a tseren awa 24 na Spa a ƙasar Beljiyam. Daga baya kamfanin Mercedes ya saye mafi yawan hannun jarinsu a 1999, sa'an nan ya saye saura a 2005. A garin Affalterbach su ke haɗa injin wannan mota, mai silinda 8 da girman lita 4. Suna da wata al'ada da ta burge ni ƙwarai: mutum ɗaya ne ke haɗa inji guda tun daga kusar farko har ta ƙarshe, in ya gama ya liƙa ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da sa hannunsa a kai. In injin ya yi kyau an san wanda za a yaba wa, in ya ɓaci an san wanda za a nema. Motar da ta fito daga wannan hannu ita ce SL 63, mai ƙarfin doki 585.

Hannu na uku shi ne na Brabus, kamfanin da ke garin Bottrop. Bodo Buschmann ne ya kafa shi a 1977, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, tare da abokinsa Klaus Brackmann. Daga farkon sunayensu biyu aka haɗa sunan kamfanin. Sana'arsu ita ce su ɗauki sabuwar Marsandi fil, wadda ba ta da wata cuta, su warware ta, su ƙara mata ƙarfi da ado, su sayar da tsada. A 1996 wata mota mai ƙofa huɗu da suka gyara ta yi gudun kilomita 330 a awa, abin da ya sa sunansu ya zaga duniya. Buschmann ya rasu a 2018, ɗansa ya gaji kamfanin. Don tunawa da shi aka yi waɗannan motoci 25, aka yi su baƙaƙe wuluk, aka sa musu sunansa.

To, yaya a ke mayar da doki 585 su zama 750, alhali inji ɗaya ne? Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera zai gane. In maƙeri yana son wuta ta yi zafi, sai ya sa yaronsa ya ƙara himma wajen zuga. Inji ma wuta ce ke aiki a cikinsa, mai da iska su ke ƙonewa su tura fistin. Akwai wata na'ura da a ke kira turbo, wadda hayaƙin da ke fita ke juya ta, ita kuma ta cusa sabuwar iska cikin inji da ƙarfi. Ita ce zugazugin mota. Brabus suka cire turbo biyu na asali suka sa nasu da suka fi su ƙarfi, suka kuma gyara lissafin 'yar kwamfutar da ke auna mai da iska da lokacin tashin wuta. Faɗin abin ya fi yin sa sauƙi. Iska mai yawa tana kawo zafi mai yawa, zafi kuwa in ya wuce kima ya kan narkar da ƙarfe. Dole a san iyakar abin da fistin zai ɗauka, da abin da giya za ta jure, a gwada, a sāke gwadawa. Daɗin daɗawa, a Jamus ba a yi wa mota babban gyara a hau hanya da ita haka kawai, sai masu binciken lafiyar motoci, irin su TÜV, sun duba sun amince. Wannan ya bambanta da abin da wasu samarinmu ke yi, su fasa salansar babur don ya yi ƙara, su ce wai sun ƙara masa gudu. Ban da inji, akwai dukawan kamfanin da ke yanka fata su ɗinka kujeru da hannu, da masu fenti, da masu zuba ƙarfen wili. Duk wannan aiki ne na gaske, kuma shi ne kashin farko da na ce a cire masa hula.

Yanzu kuma mu ɗauki alli mu yi lissafi, kamar yadda malaminmu na lissafi ke cewa a yi kafin a buɗe baki. An ƙara doki 165. Me suka saya wa mai mota? SL 63 ta asali tana tashi daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 3.6. Ta Brabus tana kai wa cikin daƙiƙa 3.3. Bambancin bai kai rabin daƙiƙa ba, ƙiftawar ido ce. Iyakar gudunsu kuwa ɗaya ne, kilomita 315 a awa. In ka raba, za ka ga mita 87 da rabi ke nan kowace daƙiƙa. Watau kafin ka ce "ɗaya, biyu", motar ta ratsa filin ƙwallonmu daga raga zuwa raga ta wuce.

Ina za a yi wannan gudu? Ko a Jamus, inda wasu sassan manyan hanyoyinsu ba su da dokar iyakar gudu, hukuma ta ba da shawarar kada a wuce kilomita 130 a awa. A yawancin ƙasashen duniya kuwa akwai doka, kuma a nan ƙasarmu iyakar ƙaramar mota a babbar hanya 100 ce. Mun kuma koya a ajin kimiyya cewa in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo ya kan ninka sau huɗu. Ke nan mota mai gudun 315 tana ɗauke da kusan ninki goma na ƙarfin karon da ta ke da shi a gudun 100. Babu birkin da zai sāke wannan doka, komai tsadarsa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Ashe mai wannan mota ya biya kuɗin dawakin da za su ƙare ransu ɗaure a turke.

In kuwa haka ne, me ya saya? Ya sayi lamba. Ya sayi damar cewa, mu 25 ne kawai a duniya. Nan ne kashi na biyu ya shigo, kuma nan na ke so 'yan'uwana su buɗe ido. Kamfanin da ya iya yin 25 zai iya yin 250, domin ƙarfe bai ƙare ba, fata ba ta ƙare ba, ma'aikata suna nan. Da gangan aka tsayar da lissafi a 25, don an san halin ɗan Adam: abin da kowa ke iya samu ba ya burge shi. Araha ba ta ado, in ji masu magana. Tun a 1899 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Thorstein Veblen, ya yi bayanin cewa akwai kayan da mutane ke saye don a gan su da su, kuma tsadar ce ke jawo su. A ajin tattalin arziki an koya mana in farashi ya hau masu saye su kan ragu. Ga irin waɗannan kaya kuwa, tsadar ita ce kwalliyar.

Akwai ƙarancin da tarihi ke kawowa, wannan daban ne. A 1955 kamfanin Mercedes ya ƙera wasu motoci biyu rak masu rufi daga motarsa ta tsere, waɗanda a ke kira 300 SLR Uhlenhaut Coupé, da sunan injiniyan da ya tsara su, Rudolf Uhlenhaut. A ƙarshen wannan shekara kamfanin ya janye daga tsere, shekarar da aka yi mummunan haɗarin nan na Le Mans a Faransa wanda ya hallaka mutum fiye da 80. Motocin suka tsaya a biyu. A 2022 aka yi gwanjon ɗaya daga cikinsu a kan Yuro miliyan 135. Kuɗin ya wuce hankali, amma dai babu wanda ya zauna a 1955 ya shirya ƙarancin don ya ci riba. Na Brabus kuwa tun kafin a ɗaura noti na farko aka ƙayyade shi a ofishin masu talla. Wancan kamar tsohuwar rigar gado ce da ba a iya sāke saƙa irinta. Wannan kuwa kamar ɗan kasuwa ne ya ɓoye buhunan gero a rumbu ya fito da mudu biyu, ya ce su ke nan suka saura.

Na san akwai masu ja da ni, kuma ba zan ƙi sauraronsu ba. Na farko zai ce, kuɗinsa ne, da guminsa ya samu, ina ruwanka? Gaskiya ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ban ce a hana kowa sayen abin da ya ga dama ba, in dai ta halal ya samu kuɗin. Da mu masu kallo na ke magana, mu da ke auna darajar mutum da abin da ya hau. Na biyu zai ce, ai kuɗin attajirin nan ne ke biyan albashin baduku da makaniki a Bottrop, in babu mai saye sana'ar ta mutu. Wannan hujja ce mai ƙarfi, na kuma karɓe ta. Sai dai ku lura, ita ma hujjar ga masu sana'a ta koma, watau dai su ne abin dubawa. Na uku zai ce, sababbin dabaru a manyan motoci su ke farawa kafin su iso ga motar talaka. Akwai gaskiya a nan. Birkin nan da ba ya kulle taya, ABS, Mercedes ta fara sa shi a manyan motocinta a 1978 tare da kamfanin Bosch, jakar iska mai kāre direba kuma a 1981, ga shi yanzu ƙananan motoci ma suna da su. Amma waɗannan sun fito ne daga binciken shekara da shekaru don ceton rai, kuma amfaninsu ya bayyana ne da aka yi su dubu-dubai. Da an tsayar da ABS a mota 25, da bai ceci kowa ba.

To, mu koma ga hannun da ya yi aikin. Daga ina Jamus ta samu mutumin da zai haɗa inji shi kaɗai har ya sa hannu a kai ba ya tsoro? Daga makaranta da gareji. Suna da tsarin da yaro, sau da yawa tsaranmu ɗan shekara 16 ko 17, zai shiga koyon sana'a a kamfani, wasu kwanaki yana bakin aiki, wasu yana aji yana koyon lissafi da kimiyyar sana'ar, ana kuma biyan sa ɗan abin kashewa. Koyon aikin mota shekara uku da rabi ne, sa'an nan a yi jarrabawa. Wanda ya ci, ya kuma ƙara ƙwazo, yana iya zama abin da su ke kira Meister, watau ƙwararren maigida mai ikon buɗe garejinsa da koyar da yara. Mutum ne mai daraja a gari, ba ya sunkuyar da kai gaban kowa don hannunsa da baƙin mai.

Garin Bottrop kansa akwai darasi a cikinsa. Garin haƙar kwal ne, a yankin Ruhr. A watan Disamba na 2018 aka rufe mahaƙarsa mai suna Prosper-Haniel, wadda ita ce mahaƙar baƙin kwal ta ƙarshe a duk Jamus. Arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa ya tsaya, amma garejin da wani saurayi ya buɗe a 1977 yana nan yana sayar wa duniya motoci. Mu da ƙasarmu ta jingina da man fetur, ya kamata wannan ya sa mu tunani. Abin da a ke haƙowa yana ƙarewa, ko kasuwarsa ta faɗi. Abin da ke kan mutum da hannunsa kuwa, sai dai ya koya wa wani ya ƙaru.

A nan na ke da ƙorafi a kanmu ɗalibai. Yaron da ya san ƙarfin dokin kowace mota a ka, ya san wadda ta fi wata gudu, shi ne kuma za ka ga yana laɓewa in an buga ƙararrawar zuwa ɗakin koyon aikin ƙarfe. Zanen injiniya mun mayar da shi darasin hira. In aka ce wane zai tafi kwalejin fasaha, sai a yi masa kallon wanda ya kasa. Muna son motar, muna ƙyamar sifana. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma liƙa hoto a akwati bai taɓa koya wa kowa ɗaure noti ba. Alhali kuwa basira ba ta ƙare mana ba. Duk wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya ga mutanen da ke narka ƙarfe su zuba kayan gyara, su ƙera injin niƙa da na sussuka. A garejojin garuruwanmu akwai makanikan da ke jin ciwon inji da kunne, suna raya tsofaffin Marsandi da Fijo waɗanda a ƙasar da aka yi su an daɗe da jefar da tsararrakinsu. Abin da ya rage musu shi ne ilmin lissafi da kimiyya da kayan awo, mu kuma da a ke koya wa waɗannan muna gudun garejin. Ranar da biyun nan suka haɗu a kan mutum ɗaya, ranar za mu fara ƙera namu.

Ga iyayenmu kuma, ina roƙo cikin ladabi. Mun san burinku a kanmu na alheri ne, kowa yana son ɗansa ya zama likita ko lauya ko babban ma'aikaci. Amma in kun ga yaro, ko yarinya, mai son warware rediyo da keke don ya ga abin da ke ciki, kada ku ce ɓarna ce kawai ku kashe masa gwiwa. Ku haɗa shi da mai sana'a a lokacin hutu, ku kuma tsare shi ga karatunsa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Aufrecht da Melcher da Buschmann duk da ƙaramin gareji suka fara.

A ƙarshe, 'yan'uwa, ban ce ku yage hotunanku ba. Motar nan kyakkyawa ce, ni ma na kan tsaya in dube ta. Sai dai in kun dube ta, ku tuna mutum 25 ne kawai za su mallake ta, kuma da kuɗi kaɗai a ke shiga cikinsu. Ƙofar waɗanda suka ƙera ta kuwa ba a ƙayyade mata lamba ba, duk mai himma yana iya shiga. Ni dai da za a ba ni zaɓi tsakanin sunana a takardar mallakar mota da sunana a ɗan allon ƙarfen nan da ke kan inji, na biyun zan ɗauka. Zangon karatu mai zuwa za a sāke rubuta sunayen masu son darasin fasaha. Ina fata layin ya fi na bara tsawo.